Kogon Turmi: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Tsayar da Shi Kafin A Kai Ga Cirewa

Baligi yana da haƙora 32, kuma 12 daga cikinsu turame ne, uku a kowane lungu na baki. Turmi na farko yana fitowa tun yaro yana da shekara 6, can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukar sa a matsayin haƙorin da za a famfare, ba sa damuwa idan ya yi baƙi. Na biyu yana biyo baya wajen shekara 12, na uku kuma sai tsakanin 17 zuwa 25, idan ma ya ga damar fitowa.

Ke nan saurayi ɗan shekara 22 da ya wayi gari da kumburarren kunci, turminsa na farko ya shekara 16 yana aiki, kuma kogon da ya hana shi barci jiya ba jiya ya fara ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2 ne ke yawo da ruɓewa a haƙoransu na dindindin ba tare da an yi musu magani ba. Abin da ke sa adadin ya kai haka shi ne ruɓewar haƙori ba ta zuwa da ciwo a farkonta. Kafin ciwo ya zo, an riga an wuce matakan da gyara yake da sauƙi da araha.

Dalilin da ya sa turmi ke shan wahala

Duk wanda ya haska bakinsa a madubi zai ga saman turmi ba shafe yake ba, tudu ne da kwari, da 'yan tsage-tsage sirara. Wasu tsagin sun fi gashin buroshi siranta, saboda haka abinci yana shiga amma buroshi ba ya iya bin sa. Wuri na biyu shi ne tsakanin turmi da turmi, inda faffaɗan gefe ya haɗu da faffaɗan gefe. A wurin yara, kogo ya fi farawa daga sama. A wurin samari da 'yan mata kuwa, na tsakani ya fara yawa, kuma shi ne wanda ido ba ya gani.

Sai kuma turmi na uku. Idan muƙamuƙi bai da isasshen wuri, yakan fito a karkace ya jingina da na biyu, ya bar wani lungu da abinci ke taruwa. Sau da yawa na biyun ne, mai lafiya kuma mai amfani, yake ruɓewa ta baya saboda maƙwabcinsa. Wani lokaci kuma fatar dasashi ce ke rufe rabin sabon turmin, ta kumbura, ta hana buɗe baki sosai.

Ba tsutsa ba ce

Har gobe a kasuwanni da tashoshin mota ana samun masu turara wa mutum hayaƙi ko ɗiga masa wani ruwa, sannan su nuna masa 'yan fararen abubuwa a cikin kwano su ce ga tsutsar ta fito. Wannan imani tsoho ne ƙwarai, an same shi a rubuce tun zamanin tsohuwar Mesofotamiya. Likitan haƙori na Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da shi a littafinsa na 1728, sannan a 1890 Ba'amurke Willoughby Miller ya bayyana ainihin abin da ke faruwa: ƙwayoyin bakteriya da ke cikin baki suna cin sukari su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da haƙori.

Ƙwayoyin suna zaune ne a cikin farar dauɗar nan mai yauƙi da ke fita idan aka kankari haƙori da farce da safe. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Streptococcus mutans. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi, amma yana fara narkewa idan tsamin da ke kansa ya ƙaru har ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5. A shekarun 1940 wani mai bincike, Robert Stephan, ya auna ya ga cewa mintuna kaɗan bayan sukari ya shiga baki tsamin yake kaiwa wannan matsayi, kuma yawu yana buƙatar minti 30 zuwa awa guda kafin ya wanke shi ya fara mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa.

A nan lissafin yake. Wanda ya shanye lemon kwalba tare da abincin rana, haƙoransa sun sha asid sau ɗaya. Wanda ya ajiye irin wannan kwalbar a gefen keken ɗinkinsa yana kurɓa kaɗan-kaɗan daga azahar zuwa la'asar, bai ba yawu damar gyara komai ba. An tabbatar da haka ta hanya mara daɗin ji a asibitin Vipeholm da ke Suwidin tsakanin 1945 da 1953, inda aka riƙa ba masu taɓin ƙwaƙwalwa alawa mai danƙo ba tare da yardarsu ba. Waɗanda aka ba guda 24 a rana tsakanin abinci da abinci su ne haƙoransu suka fi lalacewa, yayin da sukarin da aka ci tare da abinci bai yi ɓarna kamar haka ba. Yau ana Allah wadai da yadda aka yi binciken, amma sakamakonsa bai canja ba.

Idan aka ɗora wannan a kan rayuwar matasa, za a ga inda gizo ke saƙa. Ɗalibi mai karatun dare yana tare da lemon ƙara kuzari da biskit. Mai zaman fada, wato majalisar samari, a Damagaram ko Maraɗi yana jiran shayi zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa. Teburin mai shayi da madarar gwangwani, zoɓo da kunun aya masu zaƙi, alawar madara, gullisuwa, iloka, tuwon madara, duk suna shiga baki a lokuta daban-daban na yini. Masu danƙon cikinsu suna maƙalewa daidai a kwarin turmi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin gram 50 ko ƙaramin cokali 12, kuma an fi so ya tsaya a rabin haka. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da kusan gram 10 a kowane mililita 100, don haka roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya.

Bushewar baki tana ƙara rura wutar. Taba, shisha, tiramol da wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna rage yawu. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta a 2018, ya haɗa biyun: ga zaƙi, ga busar da baki. Da dare ma yawu yana raguwa sosai, shi ya sa shayin da aka sha aka kwanta ba a goge baki ba ya fi na safe ɓarna. Haka sahur a watan azumi, idan an rufe da abu mai zaƙi aka koma barci.

Matakai huɗu da alamominsu

Mataki na farko tabo ne fari fat kamar alli, ko ruwan ƙasa-ƙasa, a cikin kwarin turmi ko a gindinsa kusa da dasashi. Babu rami, babu ciwo. Wannan ne kaɗai matakin da haƙori ke iya warkewa ba tare da an taɓa shi da inji ba, idan aka rage zaƙi aka kuma ba shi sinadarin fuloraid.

A mataki na biyu ruɓewar ta huda ɓawon ta shiga dentin, wato sashen da ke ƙarƙashinsa, mai launin rawaya kuma mai taushi. Daga nan sai ta bazu ta ciki irin yadda gara ke cin azara: daga waje ɗan ƙaramin huji, ciki kuwa fanko. Alamominsa su ne tsinkau na 'yan daƙiƙu idan ruwan sanyi ko zaƙi ya taɓa wurin, nama yana maƙalewa kullum a gurbi guda, zaren sakace yana tsinkewa a wurin, ko mutum ya lura ya koma tauna da gefe ɗaya. Wata rana sai a tauna ƙashi ko aya, gefen haƙorin ya rufta, mai shi ya ce ƙashi ne ya fasa masa haƙori.

Mataki na uku shi ne ta isa ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ciwon yana tasowa da kansa, yana zogi, yana ƙaruwa idan an kwanta, abu mai zafi yana tsananta shi, kuma yana harbawa zuwa kunne ko gefen kai. Wani ma ba ya iya nuna ko na sama ne ko na ƙasa.

Sai mataki na huɗu, wanda ya fi yaudara. Ciwon ya ɗauke, mutum ya ce maganin da ya sha ya yi aiki, alhali jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna bi ta saiwa su tara mugunya a cikin ƙashi. Bayan makonni ko watanni sai a ji haƙorin kamar ya ɗara sauran tsawo, ba ya taɓuwa, wani ƙurji ya fito a dasashi, ko kunci ya haye.

Dubawa a gida

Bayan an goge baki, a tsaya gaban madubi da fitilar waya, a tsane turamen da auduga ko tsaftataccen ƙyalle, domin farin tabo ya fi bayyana a busasshen haƙori. A duba kwarin kowanne, a duba gindinsa, a nemi wata inuwa mai launin toka a ƙarƙashin ɓawon. A zura zaren sakace tsakaninsu, a lura da inda yake sarƙewa ko yake fitowa da wari. Kada a soka allura ko tsinke a cikin tabo, domin hakan na iya fasa ɓawon da zai iya warkewa. Ba kowane baƙi ne ruɓewa ba, goro da shayi da taba suna rina haƙori. Kogon tsakani kuwa sai hoto, wanda likita ke ɗauka da ɗan ƙaramin faifai da ake cizawa.

Gogewar da ke kai wa ga turmi

Sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, kuma na dare shi ne wanda ba a fashi. Makilin ya zama mai fuloraid, a duba jikin kwali a ga an rubuta tsakanin 1,000 da 1,500 ppm. Amfanin wannan sinadari ya daɗe da tabbata: birnin Grand Rapids na Amurka ya fara sa shi a ruwan famfo a 1945, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna.

Buroshi mai ƙaramin kai da taushin gashi ya fi isa lungu. Yawancin mutane suna farawa da haƙoran gaba, kafin su kai baya hannu ya gaji, don haka gara a fara daga turmin ƙarshe. A ɗan rufe baki kaɗan lokacin goge na sama, kunci zai saki ya ba buroshi hanya. A karkata gashin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goge waje, a goge ciki ta wajen harshe, a goge sama, sannan a juya kan buroshin a bayan haƙorin ƙarshe. Idan an gama a tofar da kumfar kawai, kada a kuskure baki da ruwa, domin kuskurewa tana wanke fuloraid ɗin da ake so ya kwana a kan haƙori. Wanda ya sha abu mai tsami ya jira kamar rabin awa kafin ya goge. Buroshi kuma a canja shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Asuwaki yana da wurinsa. Yana kankare dauɗa sosai a haƙoran gaba, kuma mai yin sa a kowace alwala yana tsaftace baki sau da yawa a yini. Sai dai miƙaƙƙen icce ba ya lanƙwasawa ya shiga bayan turmi ta ciki, saboda haka a haɗa shi da buroshi da makilin safe da dare. Gawayi da toka da gishiri tsagwaronsa suna goge ɓawon ne, wanda kuma ba ya sake tsirowa. Tsakanin haƙora aikin zaren sakace ne sau ɗaya a rana: a zura shi a hankali, a naɗe shi jikin haƙori ɗaya a ja sama da ƙasa, sannan a koma jikin ɗayan.

Ta fuskar ci da sha, dabarar ita ce a tattara zaƙi a lokacin abinci. Tsakanin abinci a tsaya ga ruwa, gyaɗa, ƙwai, ko nono mara sukari. Mai zaman shayi ya rage cokali ɗaya-ɗaya har harshe ya saba, ya kuma bi kofin ƙarshe da ruwa. Cingam mara sukari bayan abinci yana tsinko yawu.

A kujerar likita

Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da Shika a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka manyan asibitocin jihohi da dama. Maganar da likitoci suka fi ji ita ce, "Likita, a cire shi kawai in huta." Kafin a kai ga haka akwai hanyoyi, gwargwadon matakin da aka zo da shi.

Idan tabo ne kawai, ana shafa masa fuloraid mai ƙarfi. Idan kwarin turmi yana da zurfi amma bai ruɓe ba, ana toshe shi da wani ɗan danƙo mai daskarewa, ba allura, ba huji. Hukumar CDC ta Amurka ta ce wannan toshi yana hana kashi 80 cikin 100 na kogon turame a shekaru biyun farko.

Idan rami ya samu, sai ciko. Ana yin allurar kashe zafi, a kankare ruɓaɓɓen, a cike da farin ciko mai kama da haƙori wanda ake daskararwa da shuɗin haske, ko da baƙin ciko na ƙarfe. Shi na ƙarfen yana da ƙarko, amma ana rage amfani da shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 saboda sinadarin makuri da ke cikinsa. Inda babu lantarki ko inji, akwai hanyar da aka ƙirƙira a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, wadda ake kwashe ruɓewar da kayan hannu a cike da wani siminti mai sakin fuloraid. Ta fi dacewa da ƙananan ramuka. Bayan ciko, idan an ji haƙorin yana riga sauran haɗuwa, a koma a rage masa tudu.

Idan ruɓewar ta kai jijiya, zaɓi biyu ne. Ko a cire jijiyar a bar haƙorin, wato a wanke hanyoyin da ke cikin saiwa, waɗanda a turmi sukan kai uku ko huɗu, a toshe su, sannan a sa wa haƙorin hula don kada ya tsage. Wannan yakan ɗauki zuwa ɗaya zuwa uku, kuma kuɗinsa ya ninka na ciko sau da yawa. Ko kuma a cire haƙorin. Cirewa ta fi araha a ranar, amma giɓin turmi na farko ba ya zama haka nan: na bayansa yana kwantowa, na samansa yana zazzagowa, sababbin lunguna suna buɗewa. Turmi na uku da ya karkace yana ɓata na biyu, shi kam cire shi ne daidai.

Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sikila, mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su faɗa kafin a fara. Juna biyu ba ya hana gyaran haƙori, kuma ɗan da ke ciki ba ya zuƙe sinadarin haƙoran uwarsa kamar yadda ake faɗa. Amai da kwaɗayin zaƙi ne ke jawo ɓarnar. Cire haƙorin sama kuma ba ya taɓa ido.

Daren da ciwo ya tashi

Farasitamol ko ibuprofen bisa ƙa'idar da ke jikin kwali suna rage zogi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su guji ibuprofen. A ɗaga kai da matashi, a kuskure baki da ruwan ɗumi mai gishiri. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, man nasa kuwa yana ƙona dasashi idan ya yi yawa. Ɗora ƙwayar asfirin a jikin haƙori, ko ɗiga fetur, turare ko ruwan batir, ƙuna kawai suke bari a baki. Kafso da ake saya a kemis ba ya cike rami kuma ba ya raya jijiya. Yana iya lafar da kumburi na ɗan lokaci, amma tushen yana nan.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: kumburi da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau zuwa ido, zazzaɓi, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi. Mugunyar turmin ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta toshe maƙogwaro, kuma tana kisa. Wannan na sashen gaggawa ne a daren.

Bayan an cire

A ciji audugar da likita ya sa na kimanin rabin awa. A ranar farko ba kuskure baki, ba yawan tofi, ba zuƙar abu da tsinken roba, ba taba ko shisha, domin gudan jinin da ya daskare a gurbin shi ne murfin da ƙashi ke warkewa a ƙarƙashinsa. A ci abu mai taushi wanda ya huce, kamar kunu ko fate, a tauna ta ɗaya gefen. Daga rana ta biyu a fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri bayan kowane abinci. Idan ciwo mai tsanani da wari suka taso bayan kwana biyu zuwa huɗu, gudan jinin ne ya fita, sai a koma a wanke gurbin a sa magani.

Bakin da ya ruɓar da turmi ɗaya yakan yi wa ɗan'uwansa na ɗaya gefen irin wannan aiki, tunda tare suka fito kuma abinci ɗaya suke ci. Saboda haka tun a wannan zuwan ya kamata a nemi likita ya duba sauran turamen, ya ɗauki hoton tsakaninsu, ya faɗi ko giɓin yana buƙatar haƙorin roba, ya kuma sa ranar dawowa bayan wata 6 zuwa shekara guda.